Washington DC: birnin da ke biyan haraji amma ba shi da ƙuri'a a majalisa

Kusan duk motar da aka yi wa rajista a birnin Washington, in ka duba ƙasan lambarta za ka ga wani ɗan rubutu da ke cewa a kawo ƙarshen karɓar haraji ba tare da wakilci ba. Ba wani ɗan zanga-zanga ba ne ya manna, gwamnatin birnin ce da kanta take buga lambobin haka tun shekarar 2000, a 2017 ma aka ƙara masa kalmar "a kawo ƙarshe" don kar wani ya ɗauka ado ne. Bill Clinton ya sa lambar a motocin shugaban ƙasa dab da saukarsa, George Bush ƙarami da ya hau ya sa aka cire, Obama ya mayar a 2013. To wannan kuka ne na mutum sama da dubu ɗari shida da tamanin da ke zaune a babban birnin Amurka, ƙasar da ke tura 'yan sa ido zaɓen wasu ƙasashe, amma mutanen da ke kwana suna tashi a gindin ginin majalisarta ba su da sanata ko ɗaya, ba su da ɗan majalisar wakilai mai kaɗa ƙuri'a ko ɗaya.

Ƙidayar 2020 ta ce mutanen birnin 689,545 ne. Jihar Wyoming tana da 576,851, Vermont kuma 643,077, kuma kowacce a cikinsu sanatoci biyu gare ta da ɗan majalisar wakilai guda. Wato dai ba ƙarancin jama'a ba ne matsalar. Ba kuma rashin biyan haraji ba ne, don in aka raba harajin tarayya da ake karɓa da yawan mutane, babu jihar da ta kai Washington a duk faɗin ƙasar, in kuma aka haɗa kuɗin a dunƙule sun fi na jihohi da dama. Nan ne ma bambancinsu da su Puerto Rico da Guam, waɗancan su ma ba su da ƙuri'a a majalisa amma yawancin mutanensu ba sa biyan harajin tarayya a kan abin da suka samu a gida. Na Washington kuwa suna biya cif-cif, ana ɗibar 'ya'yansu aikin soja, sun mutu a yaƙe-yaƙen Amurka, amma ranar da majalisa za ta yanke shawarar nawa za a kashe a yaƙin ko nawa za a yanka a albashinsu, ba mai ɗaga musu hannu.

Abin da ya fi ci wa mutane rai shi ne, ai a kan wannan maganar ce aka kafa ƙasar. Turawan da ke yankunan mulkin mallakar Birtaniya a Amurka sun yi bore ne saboda majalisar Landan tana ɗora musu haraji, na hatimi a 1765, na ganyen shayi daga baya har suka zubar da shayin a tekun Boston a 1773, alhali ba su da wakili a can. Da suka ci yaƙi suka kafa tasu ƙasar, ba a cika shekara talatin ba sai ga shi an yi wa mutanen babban birninsu irin abin da suka yi yaƙi a kai.

Yadda aka yi kuwa, a watan Yunin 1783 majalisa tana zama a Filadelfiya sai wasu sojoji ɗaruruwa da ba a biya su haƙƙinsu ba suka kewaye ginin, 'yan majalisa suka roƙi gwamnatin Pennsylvania ta turo dakarunta ta kare su, ta ƙi, dole suka tattara suka gudu garin Princeton. Wannan abin ya tsaya musu a rai, shi ya sa da aka zo rubuta kundin tsarin mulki a 1787 aka sa cewa mazaunin gwamnati zai zama wani yanki na daban da bai wuce mil goma tsawo mil goma faɗi ba, ba ya ƙarƙashin kowace jiha, majalisar tarayya ce kaɗai ke da ikon yi masa doka. A 1790 aka zaɓi bakin kogin Potomac, Maryland da Virginia suka ba da filaye, gwamnati ta tare a 1800. Har zuwa lokacin mutanen wurin suna zaɓe a jihohinsu na asali, sai dokar 1801 ta sa yankin a hannun majalisa, shi ke nan mutumin Georgetown, garin da ya faɗa cikin yankin, da ya saba jefa ƙuri'a a matsayin ɗan Maryland ya wayi gari ba shi da jiha. Kundin kuma cewa ya yi mutanen jihohi ne ke zaɓar 'yan majalisa. Gaskiya ni ban ga laifin tsoron da suka ji a 1783 ba, gwamnati ce ƙarama da ba ta da ko sojan kirki, amma gwamnatin da yau take da rundunar da ta fi ta kowa a duniya ba za ta ce tana tsoron magajin gari ba.

A 1846 aka mayar wa Virginia nata ɓangaren, wato Alexandria da kewaye, kuma cikin dalilan har da fargabar 'yan kasuwar bayi na garin cewa majalisa za ta hana cinikin bayi a babban birni. Su dai mutanen Alexandria sun samu ƙuri'arsu ta dawo, shi ya sa taswirar birnin yau take kamar an gutsure mata gefe.

Daga nan ne fa launin fata ya shigo maganar, kuma bai fita ba har yau. Ranar 16 ga Afrilun 1862 shugaba Lincoln ya sa hannu a dokar da ta 'yanta bayin birnin, mutum wajen dubu uku, baƙaƙen fata suka yi ta kwararowa daga kudu lokacin yaƙin basasa da bayansa, a 1867 mazansu suka fara zaɓen shugabannin gari. Ba a daɗe ba, a 1871 aka sake fasalin mulkin, aka samu wani gwamna Alexander Shepherd da ya shimfiɗa tituna da magudanan ruwa ya kuma jibga wa birnin bashi, sai majalisa ta fake da bashin a 1874 ta soke zaɓe gaba ɗaya, na fari da na baƙi, ta ce shugaban ƙasa zai riƙa naɗa kwamishinoni uku su riƙe garin. Kusan shekara ɗari aka yi a haka. A ce mutum an haife shi a Washington a 1880 ya rayu shekara tamanin ya mutu bai taɓa zaɓar ko kansila ba, balle shugaban ƙasa.

Wanda ke riƙe da wuyan birnin a zahiri shi ne kwamitin majalisar wakilai mai kula da harkokinsa, kuma shekara da shekaru 'yan kudu masu ra'ayin wariyar launin fata ne ke shugabantarsa. Wanda ya fi daɗewa shi ne John McMillan daga South Carolina, duk ƙudurin ba wa birnin 'yancin mulkin kansa da ya zo sai ya danne shi a kwamiti, majalisar dattawa ta sha amincewa amma a wurinsa yake mutuwa. A lokacin kuma Washington ta zama babban birni na farko a Amurka da baƙaƙe suka fi yawa, tun ƙarshen shekarun 1950, a ƙidayar 1970 sun kai kashi 71 cikin ɗari. Da shugaba Johnson ya naɗa baƙar fata Walter Washington ya shugabanci birnin a 1967 ya kai kasafin kuɗinsa na farko majalisa, McMillan aika masa ya yi da mota cike da kankana, wanda a can tsohon zagi ne da ake yi wa baƙar fata. Mutumin da yaran makarantun birnin da asibitocinsa suke hannunsa ke nan, kuma ba wanda ya zaɓe shi a cikinsu. Abin da ya kawar da shi ma ba daga Washington ya zo ba, bayan dokar 'yancin zaɓe ta 1965 baƙaƙen mazaɓarsa a South Carolina sun samu rajista, 'yan gwagwarmayar Washington suka je can suka taya kamfe, ya faɗi zaɓen fid da gwani a 1972. Shekara ɗaya tak bayan nan, a 1973, dokar mulkin kai ta wuce.

Kafin nan an samu wasu 'yan gyare-gyare. Gyaran kundin tsarin mulki na 23 a 1961 ya ba su damar zaɓen shugaban ƙasa da ƙuri'u uku a kwalejin masu zaɓe, wato taron wakilan jihohi da ke zaɓar shugaban, sun fara a 1964. A 1971 suka zaɓi wakilinsu na farko a majalisar wakilai a wannan zamanin, Walter Fauntroy, fasto ne kuma abokin gwagwarmayar Martin Luther King, daga 1991 kuma Eleanor Holmes Norton ta karɓa. Sai dai kujerar ta rabi ce. Wakilin zai iya gabatar da ƙuduri, zai iya magana a zaure, yana zaɓe a kwamiti, amma in aka zo ƙuri'ar ƙarshe da ke mayar da ƙuduri doka sai dai ya zauna ya kalli sunayen sauran suna haskawa a allo. Akwai ma wani tsari da 'yan Dimokurat kan dawo da shi in suna da rinjaye, a bar wakilin ya jefa ƙuri'a a kan wasu gyare-gyare a zaure, amma da sharaɗin in ƙuri'arsa ce ta raba gardama to sai a sake zaɓen ba tare da shi ba. Ranar 22 ga Afrilun 2021 da majalisar wakilai ta kaɗa ƙuri'a kan mayar da birnin jiha, Norton ce ta kawo ƙudurin, ita ta kare shi, kuma ba ta cikin mutum 216 da suka amince don ba ta da damar dannawa.

Shi kansa mulkin kai na 1973 aro ne, mai abu yana iya karɓe kayansa duk ranar da ya ga dama. An ba su magajin gari da majalisar kansiloli 13, amma duk dokar da suka yi sai ta je ta zauna a majalisar tarayya kwana talatin na zaman majalisa, in ta shafi laifuka kwana sittin, ko akwai wanda zai ce bai yarda ba. Alƙalan kotunan birnin, har masu raba aure da rikicin mai gida da ɗan haya, shugaban ƙasa ne ke naɗa su majalisar dattawa ta tantance, kuma tunda babu sanatan da ya damu sai kujeru su yi wata da watanni babu kowa, shari'o'i su taru. Manyan laifuka lauyan gwamnatin tarayya ke gurfanarwa ba wanda mutanen gari suka zaɓa ba. Sannan an hana su karɓar haraji daga albashin wanda ke aiki a birnin amma yana kwana a Maryland ko Virginia, alhali mafi yawan ma'aikatan daga can suke shigowa kullum da safe su bi titunan su koma da yamma da kuɗinsu, ga kuma filaye masu yawa na gwamnatin tarayya da ofisoshin jakadanci da ba a karɓar harajin ƙasa a kansu. Masu cewa birnin ba ya iya riƙe kansa suna yawan kawo zamanin tsohon magajin gari Marion Barry, kuma gaskiya ne an yi ɓarna da rashin iya tafiyar da kuɗi har majalisa ta ɗora hukumar sa ido a 1995 ta riƙe aljihun birnin zuwa 2001, ba zan kare wannan ba. Amma an ɗaure gwamnonin jihohi da yawa saboda cin hanci, Illinois kaɗai ta yi da dama, ba wanda ya ce a karɓe musu sanatoci.

Inda abin ya fi taɓa rayuwar talaka shi ne 'yan sharuɗɗan da ake cusawa cikin dokar kasafin kuɗi. Ɗan majalisa daga wata jiha mai nisa da ke son ya burge mutanen mazaɓarsa sai ya rubuta layi biyu cewa Washington ba za ta kashe kuɗi a kan kaza ba, kuma fa kuɗin da ake magana harajin mutanen birnin ne da suka tara da kansu. Daga 1998 zuwa 2007 an hana birnin amfani da kuɗinsa wajen raba sababbin allurai ga masu shan ƙwaya ta jijiya, a daidai lokacin da cutar ƙanjamau ke cin unguwannin baƙaƙe na tsallaken kogin Anacostia, rahoton 2009 ya nuna aƙalla kashi uku cikin ɗari na manyan birnin suna ɗauke da ita, adadin da ya fi na wasu ƙasashen Afirka ta Yamma. Da aka ɗage haramcin masu kamuwa ta hanyar allura suka ragu sosai cikin 'yan shekaru. Wallahi wannan shi ne ya fi tsaya min, don mutanen da suka kamu a waɗancan shekaru tara ba su da wanda za su kayar a zaɓe a kan abin da aka yi musu.

Akwai kuma na 1998 da aka yi zaɓen raba gardama kan amfani da tabar wiwi a matsayin magani. Ni ba mai goyon bayan wiwi ba ne kuma na san yawancin masu karanta wannan ma haka, amma ku dubi abin da aka yi, wani ɗan majalisa daga Georgia, Bob Barr, ya sa sharaɗin da ya hana a kashe ko sisi wajen ƙirga ƙuri'un. Mutane sun fito sun yi layi sun jefa, sakamakon yana cikin kwamfuta amma doka ta hana a buɗe, sai da aka kusa shekara kotu ta ba da umarni, aka ga kashi 69 sun amince, duk da haka majalisa ta hana aiwatarwa har 2009. Da a wata ƙasar Afirka aka kulle sakamakon zaɓe haka da mun ji sanarwa daga ma'aikatar harkokin wajen Amurka kafin gari ya waye.

Kuma kar a ce jam'iyya ɗaya ce ke yi. A Maris ɗin 2023 majalisa ta soke sabuwar dokar laifuka da kansilolin birnin suka shafe shekaru suna gyarawa, a majalisar dattawa 81 suka goyi bayan sokewar 14 kawai suka ƙi, da yawan 'yan Dimokurat a ciki, Biden da ke cewa yana goyon bayan birnin ya zama jiha shi ya sa hannu. Ranar 6 ga Janairun 2021 da magoya bayan Trump suka fasa ginin majalisa, magajiyar gari Muriel Bowser ba ta da ikon tura dakarun ko-ta-kwana na National Guard na birninta kamar yadda kowane gwamna zai yi, don na Washington a hannun shugaban ƙasa suke, aka yi sa'o'i ana jiran izini daga ma'aikatar tsaro, 'yan sandan birnin ne suka ruga suka ceci 'yan majalisar da ba sa ba su ƙuri'a. A Maris ɗin 2025 wata dokar kasafi ta wucin gadi ta tilasta wa birnin komawa kasafin shekarar da ta gabace ta, ta buɗe masa giɓin dala biliyan ɗaya da wani abu a tsakiyar shekara, kuɗin da yake nasa ne yana asusunsa. Ranar 11 ga Agustan 2025 kuma Trump ya yi amfani da sashe na 740 na dokar mulkin kai ya karɓe ragamar 'yan sandan birnin na kwana talatin ya baza sojoji a tituna, karon farko da wani shugaba ya taɓa amfani da sashen.

Mu a Najeriya abin ba baƙo ba ne gaba ɗaya. Abuja ma an yanke ta ne a 1976 don ta zama ba ta kowa ba, ba ta da gwamna, ba ta da majalisar jiha, minista shugaban ƙasa ke naɗawa, majalisar tarayya ke yi mata doka, kuma Gbagyi da sauran 'yan asalin wurin sun daɗe suna kuka a kan haka. Amma ko ba komai tana da sanata ɗaya da 'yan majalisar wakilai biyu masu cikakkiyar ƙuri'a. Brasilia tana da sanatoci uku, Canberra tana da biyu tun 1975. Duk waɗannan birane ne da aka gina musamman don zama mazaunin gwamnati kamar Washington, kuma ba wadda gwamnatinta ta rushe don an ba mazauna ƙuri'a.

An gwada hanyoyi da yawa. A 1978 majalisa ta amince da gyaran kundin tsarin mulki da zai ba birnin wakilci kamar jiha, ana buƙatar jihohi 38 su sa hannu cikin shekara bakwai, 16 kawai suka sa, ya mutu a 1985. Kotu aka je, a 2000 ta ce ƙorafin yana da nauyi amma kundin jihohi ya ambata, sai dai a nemi gyara ta siyasa. A 2009 aka ƙulla wata yarjejeniya, a ba Washington kujera ɗaya a majalisar wakilai a ƙara wa Utah ɗaya tunda ita ta 'yan Rifablikan ce, kowa ya samu, majalisar dattawa ta amince da ƙuri'a 61, amma aka liƙa mata sharaɗin rushe dokokin taƙaita bindiga na birnin, su kuma shugabannin birnin da suka san yadda bindiga ke kashe yaransu suka ce ba za su saya da wannan tsada ba. A 2016 kusan kashi 86 na masu zaɓen birnin suka ce suna son jiha. Shirin shi ne a rage yankin tarayya ya tsaya a White House da ginin majalisa da kotun ƙoli da filin da ke tsakaninsu, tunda kundin iyakar girma ya sa bai sa iyakar ƙanƙanta ba, sauran unguwanni su zama jiha ta 51 da sunan Frederick Douglass, tsohon bawan da ya zama babban mai fafutuka ya kuma ƙare rayuwarsa a Anacostia. Majalisar wakilai ta amince sau biyu, 232 da 180 a 2020, 216 da 208 a 2021, majalisar dattawa ko kaɗa ƙuri'a ba ta yi ba.

Masu adawa suna da hujjoji da ya kamata a saurara. Suna cewa gyara na 23 zai bar ƙuri'u uku na zaɓen shugaban ƙasa a hannun 'yan tsirarun da suka rage a ƙaramin yankin, ƙila iyalan shugaban ƙasa kawai, kuma wannan matsala ce ta gaske da sai an soke gyaran. Wasu na cewa a mayar da unguwannin Maryland kamar yadda aka yi wa Alexandria, sai dai ba mutanen Washington ba, ba 'yan siyasar Maryland ba, babu mai so. Wasu 'yan Rifablikan ma sun kawo shawarar a yafe musu harajin tarayya a bar su ba ƙuri'a. Amma in an bi ta ƙasa lissafi ne na kujeru, birnin bai taɓa zaɓar ɗan Rifablikan a zaɓen shugaban ƙasa ba tun 1964, a 'yan shekarun nan kashi 90 ko fiye Dimokurat suke yi, don haka jiha tana nufin sanatoci biyu na Dimokurat a majalisar da sau da yawa kujera ɗaya ko biyu ke raba rinjaye, kuma su Mitch McConnell, jagoran sanatocin Rifablikan a lokacin, sun faɗi haka a fili. Ni a ganina wannan ba hujja ba ce da za a hana mutum ƙuri'a, ba a tambayar ɗan ƙasa wa zai zaɓa kafin a ba shi kati. Su ma 'yan Dimokurat ɗin sun riƙe fadar shugaban ƙasa da majalisu biyu a 1993 da 2009 da 2021, a 1993 ma fiye da ɗari daga cikinsu ne suka haɗu da 'yan Rifablikan aka kayar da ƙudurin 277 da 153, a 2021 kuma sanatansu Joe Manchin ya fito ya ce ba ya goyon baya. A ƙa'idar majalisar dattawa ta yanzu ana buƙatar sanatoci 60 kafin a rufe muhawara a kai ga ƙuri'a, kuma ƙudurin bai taɓa samun ko 50 da suka sa masa hannu ba.